Taswirar da Na Manta Ban Cire Ba

Masu karatu, na ga saƙonninku. Wata ta rubuta cewa ni ba mutum ba ce, katako ne aka yafa wa mayafi. Wata kuma ta ce in ba na son bawan Allahn nan da ke nemana in turo mata lambarsa, ita ba ta wasa da rabo. Na gode, Allah ya bar zumunci. Yau dai ku gyara zama ku ji yadda aikin hannuna ya tona min asiri.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, ni mai rubuta manhaja ce a wani ƙaramin kamfani. Mu bakwai ne a hawa na biyu, saman wani shagon tayoyi, shi ya sa duk mayafaina warin roba suke yi. A cikinmu ni ce mai dagulawa. Kar ku yi dariya, sana'a ce.

Yaren da muke rubutu da shi, JavaScript, ba ya riƙe sirri. Yadda ka rubuta kod ɗinka, wato rubutun da ke tafiyar da manhajar, haka zai tafi wayar mai amfani, duk mai son leƙe ya buɗe ya karanta, ya kwashe wahalarka ta wata shida kafin shayinsa ya huce. Saboda haka kafin mu miƙa aiki sai na bi da shi ta cikin injin dagulawa. Kod ɗin zai ci gaba da aiki daidai, amma idon mutum ba zai gane kansa ba balle gindinsa.

Abu na farko da injin ke ci shi ne sunaye. Abin da na kira lambar_kujera sai ya koma _0x4b, abin da na kira ranar_tafiya ya koma wani tarkacen makamancinsa. Jimla kamar "Barka da zuwa" sai a yanka ta uku, a mai da kowane yanki lambobi, a watsa su nesa da juna, ba za su haɗu ba sai lokacin da manhajar ke gudu. Hanyar da aikin ke bi daga farko zuwa ƙarshe ma a kan daddatsa ta, a juya gaba ya koma baya. Wanda na fi so kuwa, kuma da hannuna nake ƙara shi, shi ne mataccen layi: ka rubuta sharaɗin da ba zai taɓa cika ba, kamar ka ce idan ɗaya ta fi biyu a yi kaza, sannan ka jibga aiki a ƙarƙashinsa. Ɓarawo zai yini yana bin sa, alhali ba ya kai wa ko'ina. A ƙarshe injin ya share duk sharhin da ka rubuta wa kanka, ya matse komai ya zama layi ɗaya mai tsawon igiyar rijiya.

Injin yana fitar da fayil biyu. Ɗaya dagulallen, shi ake tura wa mai kaya. Ɗayan muna kiransa taswira, a cikinsa asalin rubutun yake da sunayensa da sharhinsa, don in matsala ta taso mu gane inda take. Taswira ba ta fita daga ofis. Manaja da kansa ya rubuta da jan alƙalami ya manna a jikin firij: BA A TURA TASWIRA.

To ni ina da wata ɗabi'a. Tunda na san injin zai cinye sunaye da sharhi, sai na mai da matattun layukana wurin zuba abin da ke raina. Wasu suna da ƙawar da suke faɗa wa damuwarsu, ni kod nake faɗa wa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A gida kuwa akwai Gwaggo, yayar Abba. Tun rasuwar mijinta ta dawo wajenmu, ta kama kujerar da ke jikin tagar falo, daga nan take mulkin gidan da kwandon zarenta. Saƙa take yi, huluna da safar jarirai, kuma duk jaririn da ta saƙa wa sai ta kalle ni ta saman tabarau ta ce, "Allah ya nuna mana na gida."

Maza huɗu ta kawo min cikin shekara biyu. Na farko bai bar ni na yi magana ba. Na biyu bai yi magana ba. Na uku ya zo da wayarsa in gyara masa. Na huɗu shi ne ya ce da zarar an yi aure zan ajiye wannan wasan yaran, ya buɗe min shagon turare. Ranar da na sallame shi falonmu cike yake da dangi, Gwaggo ta ce, "Ku ƙyale Uwar Gardama, kwamfuta ce mijinta." Aka kwashe da dariya, har da Umma. Raina ya ɓaci ƙwarai, na miƙe tsaye na ce, "Gwaggo, in har na auri wanda kika kawo, ki canza min suna!"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Kun dai ji." Mutum goma sha ɗaya suka ji.

Wata huɗu da suka wuce ta kawo Na Biyar. Haka duk gidan ke kiransa, har Abba. Jikan wata ƙawarta ce, dogo, mai tabarau, kullum hannun rigarsa a naɗe zuwa gwiwar hannu kamar zai wanke kwanuka. Aikinsa binciken tsaron manhaja: kamfanoni su ba shi abin da suka saya ya duba musu ko akwai ɓaraka. Na shigo falo ranar da tsohuwar doguwar rigata mai ruwan toka, da gangan, na zauna can bakin ƙofa ina jiran tambayar da suka saba, wato ko na iya girki. Sai ya ce, "An ce ke ce mai dagulawa a wurinku. Inji kike bari ya yi duka, ko kina sa hannu?"

Jama'a, awa ɗaya da rabi muka yi. Na ce masa babu mai warware nawa. Ya yi murmushi ya ce dagulawa ba kwaɗo ba ce, ƙulli ce, mai haƙuri yana kwance ta. Gwaggo daga kujerarta ta ce, "Haka ne, ɗan nan. Zaren da ya harɗe ba a fizgarsa, bakinsa ake nema." Jin muryarta ne ya dawo da ni hayyacina. Na tuna rantsuwata, na haɗe rai, na ce ina da aiki.

Ba zan ɓoye muku ba, tun ranar na kamu. Zuwansa na uku sau uku na canza mayafi, daga shuɗi zuwa ruwan hoda, na koma shuɗin. Amma in buɗe baki in ce ina so, Gwaggo ta ci ni da yaƙi a gaban mutum goma sha ɗaya? Sai na yi masa abin da na iya. Na dagula.

Zai rubuto, "Zan iya zuwa Lahadi?"

In amsa, "Hanya ai ta kowa ce."

"Kin ji daɗin littafin da na bar miki?"

"Takardarsa mai kyau ce."

Littafin da na karanta sau biyu, yana ƙarƙashin matashina. A tunanina saƙona yana isa, tunda ban ce a'a ba. Na manta cewa kwamfuta ce kaɗai ke gane dagulallen abu ba ta gaji ba.

Ranar Talata da na dawo daga aiki, ko takalmi ban gama cirewa ba Abba ya kira ni ɗakinsa. Umma tana zaune bakin gado tana ninke kayan wanki, ba ta kalle ni ba.

Abba ya ce, "Yaron nan ya same ni. Ya ce wata huɗu yana zuwa bai ji eh ba, bai ji a'a ba, kuma ba ya son ya zame miki nauyi. Ranar Asabar zai zo ya yi mana sallama."

"Sallama, Abba?"

"Sallama. Ni ban taɓa yi miki dole ba, ba kuma zan fara ba. In kina da magana, kina da baki."

Umma ta ce, "Baki kam akwai shi, sai dai na gardama ne."

Na ce to, na fita. A ɗakina na zauna ƙasa na jingina da gado, na kira lambarsa a waya na kashe kafin ta shiga, ya fi sau biyar. Tsoro nake ji, kuma kunya nake ji, kuma girman kaina bai rage ko ƙwaya ba.

Washegari Laraba ita ce ranar miƙa aikin wani kamfanin motocin safa, manhajar kama kujera da muka shafe wata biyar a kanta. Da safe na zauna ƙara matattun layuka, hannuna ya riga hankalina. Na ƙirƙiri wani abu na sa masa suna gwaggo_ba_ta_nan, na ɗaure shi a kan ƙarya har abada, don Gwaggo ba ta zuwa ko'ina. A ƙarƙashinsa na rubuta: idan gwaggo_ba_ta_nan, kuma na_biyar_ya_tambaya, to amsa ita ce "Eh, tun ranar farko." Na bi da sharhi wajen layi arba'in. Na faɗi zancen mayafi. Na faɗi zancen littafi. Na faɗi yadda nake gane ƙarar motarsa tun daga kwanar layinmu. Da na gama sai na ji sanyi a ƙirjina, na danna injin ya cinye.

Ƙarfe uku Manaja ya fara zagaye a bayana yana kaɗa makullin mota. "Sun kira sau biyu. Tura musu mana!" Na ja jakar fayil ɗin gaba ɗaya na tura. Gaba ɗaya, jama'a. Shekara uku ina aikin nan ban taɓa yin wannan kuskuren ba.

Juma'a da hantsi Manaja ya kira ni ofishinsa, ya juyo min da fuskar kwamfutarsa. Masu motocin sun ba wani kamfanin bincike aikinmu ya duba, rahoton ya dawo. Shafi biyu ne kacal. Ya yaba dagulawar, ya ce an yi ta da kyau. Sai layi na ƙarshe: "An bar taswira a cikin jakar. A cire ta kafin a saki manhajar."

Manaja ya ce, "Me aka rubuta a jikin firij?"

"Ba a tura taswira."

"Don wa na rubuta? Don madara?"

Na ba shi haƙuri. Ya yi faɗan minti goma, na ji uku a ciki, don idona yana kan sa hannun da ke ƙasan rahoton. Na san wannan sa hannun. Yana shafin farko na littafin da ke ƙarƙashin matashina.

Ban san yadda na koma kujerata ba. Da a ce ƙasa za ta tsage, da na shige har da jakata. Wayata ta yi ƙara a kan tebur, na daɗe ina kallonta kafin na juya ta. Saƙon Na Biyar ne.

"Ni kaɗai na buɗe fayil ɗin, kuma na goge na wurina. Na karanta layi goma kafin na gane ba kod nake karantawa ba. Ya kamata in tsaya a nan. Ban tsaya ba. Ki yafe min."

Na rubuta, na goge, na rubuta, na goge. Abin da na iya turawa shi ne, "Mataccen layi ne ai."

Kun gani? Ko a bakin rami sai na dagula.

Ya amso, "Na sani, na duba sharaɗin. Ba zai taɓa cika ba. Shi ya sa gobe ina nan tafe yadda na faɗa wa Abba."

"Bayan abin da ka karanta?"

"Ba ni aka rubuta wa ba, leƙe na yi. Ba zan riƙe ki da maganar da ba ki ba ni ba. Abin da ke ƙarƙashin mataccen layi yana nan a rubuce, amma ba ya gudu. Ke kika fi ni sani."

Na kifa kaina a kan tebur. Haushinsa na ji, sannan na ji son sa ya ninka, don da wani ne da tuni ya kai wa Gwaggo labari da gudu.

Asabar da safe na gwada hanyar ƙarshe, wato in sa sharaɗin ya cika. Na samu Gwaggo a kujerarta na ce, "Gwaggo, ba za ki je duba ƙawarki ba? An ce ƙafarta ta matsa mata."

"Jiya muka yi waya, ta warke."

"Zarenki ja ya kusa ƙarewa, ko in sa a kai ki kasuwa?"

Ta kalle ni ta saman tabarau. "Uwar Gardama, yau kuma ni ake wa kirki? Ina nan. Ni na kawo yaron, a gabana zai tafi."

Ƙarfe huɗu na ji motarsa tun daga kwana. Wannan karon ban tsaya canje-canje ba, na sa doguwar riga baƙa da shuɗin mayafin, na ɗauki tiren ruwa na fito falo. Yana zaune a ƙasa kusa da ƙafar Abba, da farar riga, hannun a sauke har wuyan hannu, an ɓalle maɓalli. Ban taɓa ganinsa haka ba. Umma tana bakin ƙofar kicin. Gwaggo tana saƙa.

Ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Ya gode wa Abba da karamcin wata huɗu. Ya ce wa Gwaggo ta yi haƙuri, ta yi iya nata. Bai kalle ni ba ko sau ɗaya. Abba ya yi gyaran murya ya ce, "To, Allah ya zaɓa wa kowa abin da ya fi alheri." Na Biyar ya dafa ƙasa zai tashi.

Na ce, "Abba, ina da magana."

Allurar Gwaggo ta tsaya.

"Muna ji," in ji Abba.

Bakina ya fara da abin da ya saba. "Wato, ba wai ina cewa lallai sai ya tafi ba, tunda dai hanya..."

Umma ta ce, "Yi Hausa."

Na ajiye tiren a kan tebur. Na kalli kujerar taga, don a nan matsalar take tun farko, ba a wurinsa ba. Na ce, "Gwaggo, wanda kika kawo ɗin nan, ina son sa. Tun ranar farko. Kar ya tafi."

Na Biyar ya koma ya zauna a hankali, ya cire tabaransa yana gogewa da gefen riga, ya daɗe yana gogewa.

Gwaggo ta sa hannu a bayan kunne. "Tsufa ya taɓa min ji. Me kika ce?"

"Gwaggo, kin ji."

"Na ji rabi."

Na maimaita, da ƙarfi, hawaye yana zubo min. Abba ya sunkuyar da kai yana murmushi. Umma ta ce alhamdulillahi ta shige kicin, na san dariya ta je yi.

Gwaggo ta naɗe zarenta a nutse, ta soke allurar a ciki, ta ajiye a kwando. "To, saura alƙawari. Mutum goma sha ɗaya suka shaida."

Na runtse ido. Na san bakinta. Na shirya jin Mai Lashe Amai, ko Ta Sha Ƙasa, sunan da zai bi ni har jikokina.

"Zo nan," ta ce.

Na je na durƙusa a gabanta. Ta gyara min mayafin da ya zame, hannunta yana warin man zafi, ta ce, "Tun ranar da kika canza mayafi sau uku na zaɓi sunan, ina ta ajiyarsa. Ni Allah bai ba ni haihuwa ba, ke na goya a gidan nan, ke kika yi min fitsari a baya. Kina tsammani don in ci ki da yaƙi nake ta yawon nema miki miji da wannan ƙafar? Daga yau sunanki Ta Gwaggo."

Shekara biyu ina yaƙi da matar nan, ban taɓa karanta ta daidai ba. Na kifa fuskata a cinyarta na yi kuka sosai, tana bubbuga bayana tana cewa ya isa, kar in jiƙa mata zare.

Da na natsu, Abba ya tambayi Na Biyar ko har yanzu sallamar tana nan. Ya ce a'a, ya janye. Sai ya juyo gare ni a karo na farko, ƙasa ƙasa ya ce, "An dai cire taswirar?"

Ashe kunnen da tsufa ya taɓa ya warke. Gwaggo ta ce, "Wace taswira?"

Ya ce, "Wani rubutu ne nata na wurin aiki, Gwaggo."

"Ina ciki?"

Ya shiga sosa ƙeya. Bawan Allahn nan bai iya ƙarya ba, shi ne aibinsa. Ni kuwa sai a lokacin na tuna layi na goma sha bakwai, inda na sa wa wani aiki suna gwaggo_rediyo_mai_jini.

Gwaggo ta gyara zaman tabaranta, ta mayar da kwandon zare gefe, ta ce, "Ta Gwaggo, ɗauko kwamfutar. Karanta min daga farko."